Waya, laftof ko PlayStation: wanne zai kai ni nesa?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar gida. Shawara nake nema, amma don Allah kada a mayar da ita rigima. Ɗan abin da na tara ba zai wuce sayen abu ɗaya ba: ko babbar waya, ko laftof, ko PlayStation 5. Ina koyon haɗa bidiyo, sannan ba zan yi ƙarya ba, ina son buga ƙwallo a gem. Wanne zan ɗauka?

Bashir: Wa alaikumus salam. iPhone. Magana ta ƙare.

Nafisa: Ai kuwa yanzu ta fara. Yaro ya ce kada a yi rigima, tun bai rufe baki ba ka kawo ta.

Bashir: Wace rigima kuma, Hajiya? Bidiyo ya ce yana koyo. Abin da zai ɗauka da shi, ya yanka, ya sa sauti, ya ɗora a intanet, duk yana cikin aljihunsa. Kuma iPhone ba ta tsufa da wuri. Dubi 6s, a 2015 ta fito da iOS 9, aka yi ta sabunta ta har iOS 15 a 2021. Wace wayar Android ta wancan zamanin ce ta ga haka? Ranar da ya gaji da ita kuma, in ya tashi sayarwa darajarta tana nan.

Nafisa: Da ka ce "wancan zamanin" ai ka rage min aiki. Zamanin ya wuce. Kamfanin Google ya yi alƙawarin sabuntawa na shekara 7 tun daga Pixel 8 a 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Sannan bari in tuna maka abin da ba kwa son ji. Kamfanin da kake yabo, Apple, shi ne ya amsa da bakinsa a ƙarshen 2017 cewa yana rage gudun tsofaffin wayoyi idan batirinsu ya raunana, alhali bai gaya wa masu su ba. Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 a 2020 a kan haka. Ko ramin caji na USB-C da kuke ta murna da shi a iPhone 15, sai da Tarayyar Turai ta kafa doka kafin ya iso gare ku, mu kuwa mun daɗe da shi.

Bashir: Tunda tonon asiri ake yi, a tuna da Galaxy Note 7 ta 2016. Batir yana kama wuta, har jiragen sama suka hana shiga da ita, aka janye ta daga kasuwa gaba ɗaya.

Nafisa: Na yarda, an yi. Shi ya sa ni ba na rantsuwa da kowane kamfani. Abin da nake so da Android shi ne in wannan ya ɓata min rai, gobe na koma wancan da lambobina da manhajojina. Kai ina za ka koma?

Malam Garba: Ku yi haƙuri in sa baki, yarana. Mu da muka riƙe Nokia a lokacin da ba a san wata waya ba sai ita, mun ga abin da ya isa. Microsoft ya saye sashen wayoyinta a 2014, ya ci gaba da ɗora mata Windows, ba a daɗe ba abin ya mutu. BlackBerry, wadda a da in ba ka da ita ba a ɗauke ka ɗan birni ba, a Janairun 2022 aka kashe hidimar tsofaffin wayoyinta. LG ya daina ƙera waya a 2021. Duk wanda ya yi wa ɗayansu faɗa a wancan lokacin, yau sai dai ya yi dariyar kansa. Amma ba wannan ne ya sa na yi magana ba. Yaron nan abu uku ya lissafa, ku kun tsaya a kan ɗaya.

Sadiq: Allah ya saka da alheri, Malam. Ɗan Auta, kada ka saurare su. PS5 ka saya. Ka jona a talabijin, ka sa faifai, ka buga. Babu zancen "kwamfutata za ta ɗauki wannan gem ɗin?", babu gyare-gyare. A Nuwamban 2020 ta fito, kuma har yau duk sabon gem da aka yi mata yana tafiya a kanta, domin masu ƙera gem ɗin sun san ainihin injin da suke yi wa aiki. Kusan duk faifan PS4 ma tana karantawa.

Kabiru: Me ya sa sai PS5? Xbox Series X a wata ɗaya suka fito, kuma ta fi ta ƙarfi a takarda: a ma'aunin ƙarfin lissafi na teraflops tana da 12, ita kuwa 10 da ɗoriya. Ma'adanarta 1TB, ta PS5 ta farko 825GB. Ga Game Pass, ka biya na wata ka yi ta buga gem ɗari-ɗari. Tsofaffin wasannin Xbox 360 da yawa suna aiki a kanta, ku kuwa faifan PS3 ba ya shiga PS5.

Sadiq: "A takarda" ka ce, kuma ka faɗi gaskiya. Duka biyun AMD ne ya ƙera musu ƙwaƙwalwa, Zen 2 da RDNA 2, uwa ɗaya uba ɗaya. Ka ajiye talabijin biyu kusa da juna, mutum nawa ne zai gane bambanci? Wasanni su ne magana. Microsoft ya kashe dala biliyan kusan 69 ya saye kamfanin gem na Activision Blizzard a 2023, amma daga 2024 shi da kansa ya fara kai wasanninsa PS5. Sea of Thieves ya zo, Forza Horizon 5 ya biyo baya a 2025. To in wasanninku suna zuwa gidanmu, me zai kai ni gidanku?

Kabiru: Ku ma naku ai suna zuwa kwamfuta. Horizon Zero Dawn a 2020, God of War da Spider-Man a 2022.

Injiniya Hadiza: Yauwa. Ina jiran wani ya faɗi wannan da bakinsa. Kabiru, ka lura da inda maganarka ta kai ka? Wasannin Xbox suna kwamfuta, da yawa daga na PlayStation sun iso kwamfuta, ƙwallon da Ɗan Auta yake so, ko EA Sports FC ne ko eFootball, duk suna kwamfuta. Kuma a kwamfuta ba a biyan kuɗin wata don kawai ka buga da wani ta intanet. A PlayStation tun daga PS4 sai da PS Plus, in ban da wasannin kyauta.

Amma ni ba gem ne ya fi damuna ba. Ƙanena, ka ce kana koyon haɗa bidiyo. PS5 ba za ta koya maka wannan sana'ar ba, ko kusa. Waya za ta fara da kai, CapCut da ire-irenta suna aiki sosai ga gajeren bidiyo. Matsalar tana zuwa ne ranar da aka ba ka aikin minti 20 mai kyamara biyu, da sauti daban, da gyaran launi. Galibi waya ba ta da fanka. In ta ɗauki zafi, ita da kanta take rage gudu don kada ta lalace, sai ka ga aikin da ya fara da sauri yana jan ƙafa. Ga ƙaramin allo, kana neman daidai wurin da za ka yanka da ɗan yatsa. A laftof kana da linzami, kana da madannai, kana da manhajar haɗa bidiyo ta DaVinci Resolve wadda take da sigar kyauta kuma ƙwararru suna aiki da ita. Cikin ukun nan, laftof ce kaɗai za ta yi aikin sauran biyun ko da rabi-rabi ne.

Bashir: To MacBook kenan. Mun dawo gida.

Injiniya Hadiza: Ban ce ba. Zan ba ku haƙƙinku: tun da Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020, MacBook Air ta zama abin mamaki wajen haɗa bidiyo. Ba fanka a cikinta, ba ƙara, batir yana daɗewa. In bidiyo kaɗai ya ce, da ban ja da kai ba. Amma ya ce ƙwallo, kuma manyan wasannin ƙwallon nan ba a yi su don Mac ba. Na biyu, RAM ɗinta, wato ma'adanar wucin gadi da take aiki a kai, a haɗe yake da ƙwaƙwalwar, ba a ƙarawa. In ka sayi mai 8GB, da 8GB za ku rabu.

Nafisa: Ka ji ko, Bashir? Ba ni na faɗa ba.

Auwal Mai Gyara: Tun ɗazu nake karantawa ina murmushi, domin duk abubuwan nan da kuke faɗa a kansu, a ƙarshe teburina suke zuwa. Kowa yana maganar ranar saye. Ni shekara ta uku da ta huɗu nake gani.

Waya dai batir ne yake fara kashe ta, ko ta wane kamfani ce. Batirin lithium yana da adadin cajin da zai ɗauka kafin ya fara sanyi. Apple da kansa ya rubuta cewa na iPhone 14 zuwa ƙasa an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin ɗari bayan cikakken caji 500, na iPhone 15 kuma bayan 1000. Mai caji kullum ya yi lissafi da kansa. Wani lokaci za a kawo min waya, in ɗora ta a tebur in ga tana lilo, bayanta ya ɗago, haske yana leƙowa ta gefen allo. Batir ne ya kumbura. Kafin in kai gare shi sai na ɗumama gam ɗin da ya riƙe murfin, in zura siririn roba ina bi a hankali, saboda akwai wata 'yar igiya da ba ta kai kaurin takarda ba, in ta tsinke an shiga wani sabon aikin. A da fa da farce ake cire murfi a canza batir.

Abin da ya fi wannan ciwo shi ne ɗaure kayan gyara da lamba. Ka canza allo da na asali, waya ta ƙi amincewa da shi don lambarsa ba ta dace da wadda ta sani ba. Lokacin da iPhone 13 ta fito a 2021, in wani mai gyara na waje ya canza allo sai Face ID, wato buɗe waya da fuska, ya daina aiki, sai da aka yi ta surutu kafin aka janye hakan. Yanzu dokoki sun fara shigowa. Jihar Oregon ta Amurka ta haramta irin wannan ɗaurin a 2024, Tarayyar Turai kuma daga Yunin 2025 ta wajabta wa sababbin wayoyi batirin da zai jure caji 800 da kayan gyara na shekara 7 bayan an daina sayar da samfurin.

Na'urar gem kuwa ƙura ce da hannu. PS5 tana da wasu ramuka biyu a ƙarƙashin murfin gefe, an yi su ne don tara ƙura a zuƙe ta, amma yawancin masu ita ba su taɓa buɗewa ba. Hannun kuma, wannan sandar da kake murzawa da babban yatsa, a cikinta akwai wani abu da yake gogar juna. In ya cinye, sai ka ga ɗan wasanka yana tafiya shi kaɗai ba ka taɓa komai ba.

Sadiq: Wallahi ya taɓa faruwa da ni a wani hannu da na saya, ba zan kama suna ba. Ana tsaka da wasa mai tsaron gidana ya kama hanyar kwana, ni ina kallo.

Auwal Mai Gyara: Ai ba kai kaɗai ba ne. A kan hannun Switch har shugaban Nintendo, Shuntaro Furukawa, ya nemi afuwa a 2020. Abin haushin, maganin ya daɗe. Akwai sandar da take aiki da maganaɗisu, babu abin da yake gogar wani, kuma Sega ya sa irinta a Dreamcast tun ƙarshen shekarun 1990.

Kabiru: Ni dai ba a ambaci Xbox a nan ba, alhamdulillahi.

Auwal Mai Gyara: Kada ka sa in tuna maka jar fitilar Xbox 360, alamar cewa na'urar ta lalace. A 2007 Microsoft ya ware sama da dala biliyan ɗaya don gyara, ya ƙara garanti zuwa shekara 3.

Kabiru: Na janye.

Maryam: Ni tambayata daban ce, kuma ina ga ta shafi Ɗan Auta. Sadiq ya ce "ka sa faifai ka buga". Wane faifan? Xbox Series S ba ta da ramin faifai. PS5 Pro da ta fito a 2024 ma babu, sai ka saya daban. Kantin gem na Steam a kwamfuta kuwa tun asali babu zancen faifai. To in na sayi gem ta intanet, nawa ne ko ba nawa ba?

Injiniya Hadiza: Ba naki ba ne, 'yar uwa, kuma wannan bai bar kwamfutar da nake yabo ba. Lasisi kike saya. Steam ma tun 2024 yake rubuta hakan a fili wajen biya, a daidai lokacin da jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta hana a ce wa mutum "saya" ba tare da an bayyana masa cewa izini kawai ya samu ba. Kamar ɗan haya ne da ya biya kuɗi mai yawa har ya fara jin gidan nasa ne, sai ranar da mai gida ya turo takarda. Ubisoft ya kashe sabar The Crew a ƙarshen Maris 2024, gem ɗin ya daina aiki gaba ɗaya, har ga waɗanda suke da faifan a hannu, domin ba ya tashi sai da intanet. Google ya rufe Stadia, hidimarsa ta buga gem ta intanet, a Janairun 2023, shi dai ya mayar wa mutane kuɗinsu. Nintendo ya rufe kantin 3DS da Wii U a Maris 2023, na Xbox 360 ya bi a Yulin 2024.

Sadiq: To ashe kowa da nasa. Me ya sa kike fifita kwamfuta?

Injiniya Hadiza: Saboda ƙofofinta suna da yawa. A PS5 mara faifai kanti ɗaya gare ka, na Sony, abin da ya ce shi kenan. A kwamfuta in Steam bai yi maka ba akwai Epic, akwai GOG wanda yake ba ka fayil ɗin gem ɗin ka ajiye a ma'adanarka, ko an rufe kantin yana nan. In Windows ta gundure ka akwai Linux, kuma Steam Deck, 'yar kwamfutar gem ta hannu da ta fito a 2022, ta nuna cewa dubban wasannin Windows suna tafiya a kan Linux.

Maryam: Amma fa a yi adalci. Yarana ba ruwansu da GOG da Linux. Switch suke so, su ɗauka su kwanta da ita a kujera. Injin cikinta ko babbar waya ta yanzu ta fi shi ƙarfi, amma tun 2017 an sayar da sama da miliyan 150. Ba kowa ne yake son ya zama injiniya kafin ya yi wasa ba.

Injiniya Hadiza: Gaskiyarki. Da don yara ko don hutu kawai ake tambaya, da na'urar gem zan ce, ba tare da na yi dogon bayani ba. Sauƙi ma abu ne mai daraja. Shi dai wannan sana'a yake nema.

Bashir: Har yanzu ba wanda ya amsa min abu ɗaya. Da me zai ɗauki bidiyon? Da laftof?

Nafisa: Da wayar da yake rubuto mana da ita yanzu. Kuma kafin wani ya kawo zancen megafiksel, ku bar shi. iPhone ta zauna a kan 12 tun daga 6s har 13, a lokacin da wasu suke tallar 108, kuma ba wanda ya ce hotonta bai da kyau. Ka ga na yabe ku, Bashir, ka rubuta ranar. Bidiyon 4K ma bai wuce megafiksel 8 da 'yan kai ba. Haske mai kyau da sauti mai tsabta sun fi canza waya tasiri.

Bashir: Na rubuta.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai, yayyena. Zuciyata tana PS5, ba zan ɓoye ba, amma na gane laftof ce hanya. Sai dai sabuwa mai ƙarfin gem ta fi ƙarfina. In zan sayi ta hannu, me zan duba?

Auwal Mai Gyara: Abu na farko, ka tabbata tana da katin hoto nata na kanta, Nvidia ko AMD, ba wanda yake haɗe da ƙwaƙwalwa kaɗai ba. Shi ne zai ɗauki gem, shi ne zai ɗauki bidiyo. RAM kada ya gaza 16GB, in kuma 8 ne, a buɗe bayanta a gabanka ka ga ko akwai ramin ƙari, domin sirara da yawa yanzu a liƙe yake. Ma'adana ta zama SSD. Sannan kada ka yarda da kunnawa a kashe. Ka sa mata aiki mai nauyi, ka bar ta ta yi zafi, ka kasa kunne ga fanka, ka ɗora hannu wajen da iska take fita. In iska ba ta fitowa sosai alhali jikinta ya yi zau, ƙura ta toshe ta ko man da ke kan ƙwaƙwalwar ya bushe. Wannan ana gyarawa. Ka buɗe murfin ka rufe a hankali ka ji ko maƙalar tana ƙara, ita ce take wahalar gyara. Ka zare caja ka ga yadda kason batir yake sauka.

Injiniya Hadiza: Ƙari ɗaya. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025. Windows 11 kuma tana neman TPM 2.0, wani sashen tsaro a cikin kwamfuta, da ƙwaƙwalwar Intel daga zubi na 8 zuwa sama, ko Ryzen 3000 zuwa sama a laftof mai AMD. Akwai tsofaffin laftof masu kyan gani da yawa da aka sako kasuwa saboda wannan dalilin. Kada "Core i7" da aka manna a jiki ya ruɗe ka, lambar da take biye da shi ita ce magana. i7-7700HQ zubi na 7 ne, i5-8300H zubi na 8.

Sadiq: Hannun PS5 yana aiki a kwamfuta, ka sani. Ka saya ko ɗaya ne, ka rage zafi. In ka shirya ka neme ni, zan zura maka biyar.

Ɗan Auta: Sai dai in mai tsaron gidanka bai tafi kwana ba, Yaya.

Malam Garba: Injiniya, wannan TPM da kika ambata ya tayar min da hankali. Tawa ta daɗe, kuma duk takarduna suna ciki. Yaya zan gane ko tana da shi?

Injiniya Hadiza: Malam, ka danna maɓallin Windows tare da R, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta tpm.msc ka danna Enter. In akwai, zai nuna maka siga, ka duba ko 2.0 ce. In ya ce bai samu ba, kada ka yanke ƙauna tukuna, wani lokaci a kashe yake a BIOS, wato saitin farko na kwamfuta, sai a kunna. Amma kafin komai, Malam, ka kwafe takardun nan zuwa wani wuri yau ɗin nan. Ka turo min hoton abin da ya nuna maka.

Malam Garba: To, bari jikana ya dawo ya nuna min maɓallin Windows ɗin.